Gawon Mainassara da Jilen Sirajo

To, a fara da sunansa cikakke: Mainassara ɗan Ɗela, mutumin Garin Baushe, cikin karkarar Kwaya. Da sunan uwarsa ake haɗa shi saboda ubansa ya rasu tun yana goye, ita Ɗela ta ɗauki hauya ta shiga gonar marigayin, ta noma hatsin da ya girma da shi. Gonar tana yamma da gari, bayan wani tudun rairayi. A tsakiyarta akwai gawo guda ɗaya da Ɗela ta hana kowa taɓawa, don ƴaƴansa ne ke ciyar da awakinta biyu da rani, nonon awakin nan kuwa shi ya raya yaron.

Da ya zama saurayi ya yi ci-rani kamar kowa. Ya yi ga-ruwa a Kano rani uku, ya yi dako a Magarya, ya dawo ya auri Rakiya, bai sake nisa ba. A zamanin nan manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, babu ko ƙirare a tsaye. In sassabe ya zo, duk tohon da ya leƙo sai a sare shi a ƙone. Aka yi ta yi har ƙasa ta tsiraice, iska ta samu hanya, ka shuka hatsi yau gobe rairayi ya binne shi. Shekarar babbar yunwa, gonar Mainassara ta ƙone kamar ta kowa, sai wani ɗan zagaye a gindin gawon Ɗela, nan kaɗai ya yanki zangarniya. Ka san halin gawo, da damina in kowane itace ya yi ganye shi sai ya zubar da nasa ya bar wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki.

Daga shekarar nan ya daina sare toho. In ya tarar da kututture ya fitar da ƴaƴa goma, sai ya tsuguna ya dube su kamar mai zaɓen akuya a kasuwa, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi, ya rage sauran. Saransa daga ƙasa yake hawa sama, don kada ɓawo ya ɗaye. Ya ɗaure wanda ya bari da kaba don makiyayi ya san da mai shi. Mutane suka ce rago ne, ya kasa share gona. Sallau, taubashinsa kuma maƙwabcin gonarsa, ya riƙa ce masa nan da baɗi kura za ta haihu a kunyoyin gonarsa. Shekara goma ba ta cika ba Sallau ya zo da kansa, yana sosa ƙeya, wai a nuna masa yadda ake yi. Yau in ka tsaya kan tudun nan ka duba yamma, gawo ne har iyakar ido. Daga Bande mutane sun zo kan amalanke sun kalli gonarsa. Babu wanda ya naɗa masa rawani, amma in aka ce Sarkin Gawo a wannan yanki, ba a tambayar wane ne. Ba shi da shanu, ba shi da gidan siminti, bai je Makka ba. Sunan nan shi ne abin da ya tara a duniya, kuma ya san da haka.

Cikin waɗanda ya koya wa aikin har da Sirajo, ɗan yayarsa. Sirajo ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana karanta takarda in an rubuta da manyan baƙaƙe, yana da mashin, magidanci ne mai ƴaƴa shida, ba ya da hayaniya. Hannunsa na da kyau a itace, Mainassara da kansa ya sha faɗin haka a da.

Shekara uku ke nan, wani kamfanin wuta ya kafa allunan da ke shan rana a Kwaya, aka ce za a ja waya zuwa garuruwa bakwai, har da Garin Baushe. Da bazara suka zo cikin farar mota, aka yi shela, gari ya taru ƙofar Maigari. Wadda ta yi magana wata mace ce, Madam Aziza, mai fara'a, girman Yamai, Hausarta tana fita amma kamar an wanke ta da sabulu. Ta ce kamfani ba ya son ya kawo haske ya bar ƙasa tsirara. Ta ce waya za ta ratsa gonaki, ba kuma a barin dogon itace ƙarƙashin waya, amma ana iya gusar da turken wuta hagu ko dama don a kauce wa itacen da ke da muhimmanci, in dai mai gonar da maƙwabcinsa suna tsaye sun yarda. In mai gona ba ya nan, waya ta miƙe. Ta tambayi gari me suke so. Dattawa suka ce sharaɗinsu ɗaya, a gama kafin ruwan shuka ya sauka, kada a tattake musu hatsi. Ta rubuta. Sannan ta ce kowane gari zai fitar da komite, da shugaba wanda ya san itace, shi zai riƙa bin masu awo gona gona, shi kuma zai kula da renon tohon da zai maye waɗanda aka sare.

Mainassara yana zaune a gaba. Tun jiya ya sa Rakiya ta wanke masa rigar Juma'a, ko da yake ranar Talata ce. Maigari ya yi murmushi ya ce ai wannan ba sai an yi shawara ba, ga Sarkin Gawo nan. Jama'a suka amsa.

To, a wajenmu dattijo ba ya karɓar girma a kira na farko. In an miƙa maka sai ka ture, ka ce ba ka isa ba. A sake miƙowa ka ce a duba wani. A na uku, bayan an haɗa ka da Allah da zumunci, sai ka sunkuyar da kai ka ce to, tun da kun matsa. Wanda ya cafke tun farko, har ya mutu ana cewa dama yunwarta yake ji. Saboda haka Mainassara ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce:

"A'a, Maigari. Ni na tsufa, gwiwa ta ƙi. Me na sani? A ba yara masu jini a jika."

Ya gyara hula yana jiran kira na biyu. Maigari ma har ya buɗe baki. Amma Madam Aziza tana da garuruwa huɗu a gabanta kafin la'asar, ta kuma ɗauka tsoho gaskiyarsa ya faɗa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki, Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. To wa ke nan cikin matasa?" Wani daga baya ya ce Sirajo yana karatu. Sirajo ya miƙe yana cewa ai kawunsa ne ya dace, ta ce Baba ya riga ya yafe, kada a wahalar da shi. Biro ya yi tafiyarsa a kan takarda. Aka buɗe kwali aka fito da jile, ƴar riga marar hannu, koriya shar mai tambarin kamfani a baya, da hula irinta, aka sa wa Sirajo a gaban kowa.

Babu wanda ya iya gyarawa. Wa zai tashi gaban baƙi ya ce tsohon nan ƙin da ya yi na al'ada ne, so yake? Da an faɗi haka an tsiraita shi. Mainassara ya tafa hannu tare da jama'a, har ya fi kowa ƙarfin tafi. Ya koma gida ya tuɓe rigar ya jefa kan danga. Rakiya ta tambaye shi yaya taro, ya ce taro ya yi kyau, an ba wanda ya dace. Ta kawo fura, ya ce ta yi tsami. Furar da aka dama da hantsi.

Jilen nan ita ta hana shi sakat. Korenta irin wanda ake hangowa daga nesa ne. In ya fito masallaci ya hango ta bakin rijiya. In ya hau tudu ya hango ta tana yawo cikin gonakin gabas, tsakanin itatuwan da shi ya koya wa masu su bari. Ba ya son ya duba, idonsa kuma ba ya zuwa ko'ina sai can. Aka ɗauki Sirajo a farar mota aka kai shi Damagaram kwana uku, ya dawo da jaka mai zif. Mainassara ya ce wa ƴan majalisarsu ta hira shi bai taɓa jin gawon da ya tsiro cikin jaka ba. Aka yi dariya, ya ji daɗi, ya sake faɗa washegari, dariyar ta ragu.

Sai gidan rediyon Magarya suka yi hira da Sirajo. Gari duka ya kasa kunne. Sirajo ya yi bayani tiryan-tiryan, yadda ake zaɓen toho, yadda ake sara daga ƙasa zuwa sama, ɗaurin kaba, kome da kome, ya ce a wajen kawunsa ya koya. Mai hira bai tambayi sunan kawun ba, Sirajo kuma kunya ta hana shi kama sunan babba a rediyo. Mainassara ya san haka sarai, da Sirajo ya kama sunan ma da ya ce yaron ba shi da tarbiyya. Amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne daga Magarya har Dungas an ji maganarsa da bakin wani. Kwana biyu bayan haka wani baƙo ya tsayar da shi a hanya, ya tambaye shi gidan Sarkin Gawo, mai jile. Ya nuna masa da sanda, ya wuce.

Sallau kuwa abin nema ya samu. Duk inda suka haɗu sai ya tambaye shi gwiwa. "Tsoho, yaya gwiwar da ta ƙi? Jiya na hango ta tana bin akuya da gudu." Mainassara ya ce masa shi da ya zo koyon sassabe da furfura, ba shi da bakin magana. Rakiya ita ba ta wasa, ta gaya masa a fili cewa ƙyashi ne ke cin sa, ƙyashin ɗan da ya riƙe da hannunsa ranar kaciya, ya ji kunya mana. Ya ce shi ƙyashin me zai yi, tsumma kore? Ta ce to ya daina leƙen tsumman ta kafar danga.

Masu awo suka iso gari, igiyarsu ta nuna waya za ta bi ta yamma, ta kan gawon Ɗela daidai. Sirajo ya zo gida da kansa, ya durƙusa, ya ce in aka gusar da turke taku goma sha biyu zuwa iyakar Sallau, gawon ya tsira, Sallau kuma ya yarda, abin da ya rage Kawu ya zo ya tsaya a yi a gabansa. Mainassara ya ce shi me ya sani game da itace, a tambayi masu jaka. Sirajo ya tashi ya tafi.

Bayan kwana biyu ya dawo, sai dai ya yi kuskure, daga aiki yake, jilen na jikinsa. Ya ce ranar kasuwar Dungas za a shiga gonakin yamma, kuma saboda sharaɗin da gari ya kafa, masu haƙa da masu injin yankan itace suna biye da masu awo ƙafa da ƙafa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mainassara yana kallon tambarin da ke ƙirjinsa, ya ce zai duba.

A ransa ya riga ya tsara yadda za a yi. Biyu sun wuce, saura na uku, na ukun nan kuwa ba a zaure zai karɓe shi ba, inda babu mai gani sai kaji. An ƙwace masa girma a gaban jama'a, a gaban jama'a za a mayar masa. Ya tabbata babu mai ɗora ƙarfe kan gawon Ɗela alhali shi ba ya nan, itacen da aka zo kallo daga Bande. Za su iso gonar su tarar ba ya nan, aiki ya tsaya cik, Madam ta tambaya ina Baba, a ce yana Dungas, ta ce a ɗauki mota a ɗauko shi.

Ranar kasuwa da sassafe ya sa rigar Juma'a, ya tare mashin ɗan kabu-kabu. Rakiya ta biyo shi har ƙofa tana cewa Malam yau ne fa, yau ne. Ya ce igiya zai sayo. A Dungas ya nemi rumfar masu igiya ta bakin hanya, inda duk motar da ta shigo sai ta gan shi, ya zauna. Ya taɓa igiya ya ajiye, ya taya wata ya fasa. Farar mota ta farko ta likita ce. Ta biyu buhunan wake ta ɗauko. Hantsi ya yi, rana ta take, mai rumfa ya gaji ya tambaye shi ko wani yake jira. Ya ce shi ba ya jiran kowa. Har ya shirya abin da zai ce in direba ya buɗe masa ƙofa, zai ce ai da ba ku wahalar da kanku ba.

Ana kiran azahar sai ga mashin ya tsaya a gabansa, Sirajo ne, fuska duk ƙura, babu jile, ya cusa ta cikin riga. Ya zagaya kasuwar dabbobi da ta hatsi kafin ya gano shi.

"Kawu, don Allah, don darajar Inna Ɗela, ka hau mu tafi. Na roƙe su sun tsallake gonarka sun yi na gaba, sun ce in sun gama za su dawo kanta."

Mainassara ya duba bayansa ko motar na tafe. Ya ce, "Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Kawu. Motar ta tafi Kwaya ɗauko turaku."

Ya ɗan jima zaune, don kada masu igiya su ce da gudu ya tashi. Ya ce sai ya yi salla. Ya yi alwala a tsanake. Sirajo na tsaye riƙe da mashin. Sannan ya hau.

Tun daga kan tudu ya ga sama ta yi faɗi a inda bai saba ganin ta ba. Masu aikin sun jira har rana ta karkata, shugabansu ya ce ga mai gona ba ya nan, ga gonaki tara a gaba, ga hadari, shi kuma ba shi da ikon gusar da turke da bakin maƙwabci kaɗai. Gawon yana kwance, kansa ya kai har iyakar Sallau, awakin gari sun riga sun hau rassan suna ci. Sallau na zaune a kan gungumen, hularsa a hannu. Tun safe yake wurin. Ya ga taubashinsa, bai yi masa ba'a ba, ya matsa masa wuri kawai.

Mainassara ya zagaya kututturen sau ɗaya. Ya sa tafin hannu a kan yankan, ya ce injin ya yi sara mai kyau, bai ɗaye ɓawo ba. Sirajo ya fara ba shi haƙuri, shi kuwa ya ɗaga masa hannu. A majalisa daga baya ya so ya ce komite ce ta yi sakaci, amma babu wanda ya amsa, don kowa ya ga Sallau zaune cikin rana, kowa ya ga Sirajo ya fita a guje. Bai sake faɗa ba. Kututturen ya yi toho da damina, kyawawa, guda bakwai, shi da kansa ya sare su, don a ƙarƙashin waya suke.

Washegarin saran, komite za ta shiga gonakin arewa. Suna isa suka tarar da shi tsaye da gatarinsa, babu wanda ya kira shi. Bai gaida Sirajo ba, ya wuce gaba. Duk itacen da Sirajo ya ce a bari, sai ya ce wannan ai ɗan jiya ne, ga uwar can. Wanda Sirajo ya ce a sare, sai ya ce a dakata, ya aika a kira mai gona da maƙwabcinsa, in suna jan ƙafa ya je ya taso su da faɗa. Sau da yawa gaskiyarsa ce, wani lokaci kuma neman magana ne kawai, Sirajo ya ce to Kawu, a wuce. Masu awo suka saba da shi, suka riƙa tambayarsa kafin su ja igiya. Ya bi su har garuruwa uku na gaba a ƙafa, da gwiwar nan da ta ƙi. Tsoffin itatuwan da suka tsira a layin nan saboda shi suna da yawa, masu su sun sani. Sirajo ya kawo masa jile har gida, sabuwa cikin leda, tsohon ya ce shi ba ya sa kayan yara.

Wuta ta zo bayan girbi. Akwai ƙwai ɗaya a zaurensa, injin niƙa ya huta da shan man gazuwal, Rakiya tana sayen ƙanƙara da azumi. Bara kamfani ya kafa allon ƙarfe a bakin gari, mai hoton itace da sunayen ƴan komite. Sirajo ya matsa sai da aka sa sunan kawunsa. Ranar da aka kafa, Mainassara ya je da Sallau da wani mushe, malamin lakwal, ya ce a nuna masa nasa. Mushe ya sa yatsa a layin ƙarshe. Mainassara ya ce na sama fa, mai manyan baƙaƙe? Aka ce na shugaba ne. Ya tsaya ya auna su da ɗan yatsa, na sama ya fi nasa kauri. Sallau ya ce masa ai nasa ya fi tsawo. Ya ce tsawo daban, kauri daban.

Yana nan da ransa, shekara saba'in da wani abu, kullum da gatari a kafaɗa. In Sirajo ya yi ciwo shi ne farkon zuwa dubiya, in an yabi Sirajo a gabansa sai ya tuna yana da aiki a gona. Hanyar gonarsa ta gaban allon nan ta bi. Tun ranar da aka kafa shi ya koma bin bayan masallaci, ta cikin kwari, ko da yake ta fi nisa, da damina kuma sai ya naɗe wando.